Ƙara mataki a saman Epic a Jira

Malam, ka ce ofishinku na Ikeja yana gina manhajar biyan kuɗi ga 'yan kasuwar Mile 12, kuna son mataki ɗaya a Jira, manhajar tsara ayyuka da bin diddiginsu, da zai tattara Epic da yawa a ƙarƙashinsa. Epic shi ne babban aiki mai ɗauke da ƙananan ayyuka. Zai yiwu, amma da sharaɗi.

Jira ta zo da hawa uku: Epic a mataki 1, Story da Task da Bug, wato ayyukan yau da kullum, a mataki 0, sai Subtask, wato guntun aiki, a ƙasa. Ƙari a saman Epic sai wanda ke kan tsarin biyan kuɗi na Premium ko Enterprise. Idan na kyauta kuke amfani da shi, kar ka wahalar da kanka neman maɓallin.

Mai ikon gudanarwa ya fara ƙirƙirar sabon nau'in aiki, a ce Initiative, ya shigar da shi cikin jerin nau'ukan da project ɗinku, wato sashenku a cikin Jira, ke amfani da su. Nan mutane suka fi tuntuɓe: in an tsallake wannan, nau'in ba zai fito ba ko da an saita komai. Daga nan ya buɗe shafin jeren matakai a saituna, ya ƙara mataki 2, ya ɗora Initiative a kai. Sai kowane Epic ya zaɓi uwarsa, wato Initiative ɗinsa, a filin Parent.

Ku sani canjin zai shafi duk ƙungiyoyin da ke asusun kamfanin, kuma sauya wa nau'i mataki daga baya yakan tsinka alaƙar da aka riga aka ƙulla. Ku zana tsarin a takarda tukuna. A ganina, ƙungiyar da ba ta wuce mutum goma ba, sa wa Epic masu alaƙa lakabi ɗaya (label) ya ishe ta, ba sai ta ƙara mataki ba.