Jifan kyauta da nasara a ƙwallon kwando na jami'o'i

Ɗan'uwa, ka tambaya ko jifan kyauta, wato jifan da ake ba ɗan wasa ba mai tare shi bayan an yi masa laifi, na taka rawa wajen cin wasa a gasar jami'o'in Amurka. Yana takawa ƙwarai, musamman idan wasa ya matse.

Ka duba wasan ƙarshe na gasar NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, a 2008 a San Antonio. Memphis na gaban Kansas da maki 9, saura minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Sai Kansas suka shiga yi musu laifi da gangan, don sun san hannunsu ba ya zama a layin jifan kyauta. Chris Douglas-Roberts da Derrick Rose na Memphis suka ɓarar da huɗu cikin biyar na ƙarshe. Mario Chalmers na Kansas ya jefa mai maki uku ya farke, Kansas ta ɗauki kofi 75-68 bayan ƙarin lokaci. Har yau abin na min ciwo.

Dokar wasan maza ma na ƙara nauyin abin: daga laifi na 7 zuwa na 9 da abokan hamayya suka yi a rabin wasa, sai ka ci jifa na farko kafin a ba ka na biyu. Ka ɓarar, ƙwallo na iya komawa hannun abokan hamayya.