Wace Taya Ce Ta Dace Da Burji Da Damina?

Tambaya: Malam, ina jigilar hatsi da a-kori-kura daga ƙauyenmu zuwa kasuwar Dawanau. Rabin hanyar burji ce, tsakuwa tana yanka min taya, ga santsi da damina. Wace iri zan saya?

Amsa: Ɗan'uwa, nemi mai alamar A/T a gefenta, wato tayar kowace irin hanya. Zanenta yana kama burji, kuma yana korar ruwa idan ka hau kwalta. Mai M/T gwanar taɓo ce, amma a jiƙaƙƙiyar kwalta birkinta yana ja da nisa, ban so maka ita da buhuna a baya. Tunda kaya kake ɗauka, tabbatar akwai LT (alamar tayar ƙaramar motar kaya) ko 8PR (alamar ƙarfin ɗaukar nauyi), irin wannan gefenta ya fi jure kaifin dutse.

Ka tsuguna ka karanta lambobi huɗun ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen taya, su ne lokacin da aka ƙera ta: 2423 na nufin mako na 24, shekarar 2023. Don Allah ka guji ta gwanjo mai hoton dusar ƙanƙara. Don sanyin Turai aka yi ta, zafinmu yana cinye ta da wuri. Iska kuwa, mai faci ya auna maka da sassafe, kafin taya ta ɗau zafi.