Otal na alfarma ko na tsaka-tsaki: ina za a sauka a birnin tarihi?

Tambaya: Ni da maiɗakina za mu yi kwana biyar a wani tsohon birni mai tarihi. Otal na alfarma da na gani ya ninka na tsaka-tsaki kuɗi. Abin da na tanada zai isa, amma da ƙyar. Wanne zan kama?

Amsa: Malam, kama na tsaka-tsakin, muddin yana cikin tsohon garin ko a bakinsa. Wanda ya je ganin tarihi tun safe yake fita, sai dare ya dawo ƙafa ta yi tsami. Wurin ninkaya da ɗakin motsa jiki da katafaren zauren baƙi duk suna cikin kuɗin da za ka biya, alhali da wuya ka leƙa su. Abin da za ku mora kullum shi ne gado mai kyau, ruwan zafi, shiru da dare, sai kuma kusanci.

Kusancin nan shi mutane suka fi rainawa. A Istanbul, wanda ya sauka a unguwar Sultanahmet da ƙafa zai taka zuwa Aya Sofiya, tsohuwar majami'a da ta zama masallaci, wadda aka kammala gininta a shekarar 537, da fadar Topkapi. Zai isa da sassafe kafin layi ya yi tsawo, ya koma ɗaki ya miƙe ƙafa da rana, ya sake fitowa da la'asar. Wanda ya sauka a babban otal can gefen gari kuwa, cunkoson hanya da kuɗin tasi za su riƙa cinye masa safiya.

Kada yawan taurarin da ake ba otal don nuna darajarsa ya ruɗe ka. Babu ma'auni ɗaya na duniya. Ƙasashe sun bambanta, a Italiya ma yankuna ne ke bayar da su. Abin da ake ƙirgawa shi ne girman ɗaki, ko akwai lif, da awannin da ake samun ma'aikaci a teburin karɓar baƙi. Ba a auna ko tagarka tana kallon titi mai hayaniya. Sau da yawa ɗaki mafi araha a otal na alfarma bango yake kallo, yayin da ɗaki mafi kyau a na tsaka-tsaki ke kallon hasumiyoyin gari, kuma bai kai shi kuɗi ba. Ka kuma tambayi harajin kwana: a birnin Rum ana karɓarsa a kan kowane mutum kowane dare, yana ƙaruwa da yawan taurari, a shekarar 2024 ya kai Yuro 10 a otal mai taurari biyar.

Wuri ɗaya nake sassautawa: idan ginin otal ɗin shi kansa tarihi ne. Pera Palace na Istanbul an gina shi a ƙarshen ƙarni na 19 domin fasinjojin jirgin ƙasan Orient Express. Mena House na Masar yana gindin dalolin Giza. In irin wannan ne ya shiga ranku, ku yi kwana huɗu a na tsaka-tsaki, daren ƙarshe ku koma can, ku wuni a ciki ku more abin da kuka biya.

Tambaya: Da mahaifiyata zan yi tafiya, tana fama da ciwon gwiwa. Shawarar ɗaya ce?

Amsa: A'a, 'yar'uwa, Allah Ya ƙara wa Mama lafiya. Nan lissafi ya sauya, domin ita za ta daɗe a ɗaki fiye da ke. Ƙananan masaukan tsohon gari galibi tsofaffin gidaje ne da aka gyara, matakalarsu ƙunci gare ta, kuma dokar kare gine-ginen tarihi kan hana a fasa bango a sa lif. A tsohon birnin Fas na Maroko mota ba ta shiga yawancin lunguna, a bakin ƙofar gari ake sauka, a tura kaya a amalanke. A Banis ta Italiya gadoji sun haura 400, akasarinsu masu matakala ne.

Saboda haka kafin ki biya ko sisi, rubuta wa otal ɗin ki tambaye su ƙarara: mota tana tsayawa a bakin ƙofa? Lif yana kaiwa har hawan da ɗakin yake, ko akwai 'yan matakai bayan an fito? Wurin wanka na shiga da ƙafa ne, ko baho ne da sai an ɗaga ƙafa an tsallaka? Ki nemi su turo hoton ɗakin da za a ba ku, ba na talla ba. In mai tsaka-tsakin ya cika waɗannan, ya wadatar. In bai cika ba, ƙara kuɗin ki kama babban, inda akwai mai ɗaukar kaya da ma'aikacin da zai kira likita ko da tsakar dare. Ki zaɓi farashin da ake iya sokewa ba tare da asara ba, ko da ya ɗan fi tsada, tunda jikin tsoho yau da lafiya ne gobe sai a hankali.