Ga mai neman keken tsere da kuɗi kaɗan

Ɗan uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana son keken tsere, irin mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen kai, amma abin hannunka bai taka kara ya karya ba, kuma ka rasa ko sabo za ka saya ko na hannu. Na daɗe ina taka keke, na kuma tafka asarar da ta ishe ni, don haka bari in faɗa maka abin da na gani.

Kafin suna, kafin fenti, fara duba ko keken daidai yake da tsawonka. Kekena na farko girman jikinsa lamba 58 ne, alhali 54 ce tawa. Araha ce ta rufe min ido, mai sayarwa kuma ya ce ai in na sauke sirdi shi ke nan. Na sauke, ƙafa ta kai feda, amma tazarar da ke tsakanin sirdi da kan keken tana nan yadda take. Haka na riƙa tafiya a miƙe kamar mai son ɗauko abu a can nesa. In na yi awa ɗaya a kansa, wuya ya ƙage, ƙugu ya riƙe, tafin hannu ya mutu. A faɗuwa na sayar da shi. Awon kuwa ba wuya: ka tsaya ba takalmi ka jingina da bango, ka matse littafi tsakanin cinyoyinka can sama, a auna daga ƙasa zuwa saman littafin da santimita, sai ka ninka da 0.67, abin da ya fito shi ne lambar girman kekenka. Mai 81 zai sami kusan 54. Wannan kimantawa ce kawai, domin kowane kamfani da nasa jadawalin, saboda haka ka hau ka zagaya kafin ka biya.

A kan jikin keken, ni dai alminiyam zan ce maka. Irin su Giant Contend, Specialized Allez, Trek Domane AL da Triban na Decathlon, duk an yi su ne don mai farawa, kuma suna da ƙarko. Keken kabon (wani abu mara nauyi da ake ƙera jikin keke da shi) na hannu mai araha yana da jan hankali, amma tsagarsa tana iya ɓuya a ƙarƙashin fenti, kai kuma ba ka san irin faɗuwar da ya sha ba. Kada maganar nauyi ta ɗaga maka hankali. Ko 'yan tseren duniya, tun shekarar 2000 hukumar UCI mai kula da tseren keke a duniya ta hana su hawan keken da bai kai kilo 6.8 ba. Na alminiyam na masu farawa yakan kai wajen kilo 10. Ba a kan wannan bambancin za ka fara gajiya ba, ƙafa da numfashi ne za su fara ba ka kunya.

Giya ce wurin da mutane suke zubar da kuɗi don burga. Matakan giyar kamfanin Shimano daga ƙasa: Claris mai giya 8 a baya, Sora mai 9, Tiagra mai 10, sai 105 mai 11 ko 12, kafin Ultegra da Dura-Ace. Kowa bakinsa na kan 105, kuma gaskiya tana da daɗi. Sai dai Sora da aka saita da kyau ta fi 105 da ta gama cinyewa, ga shi sarƙarta da haƙoranta sun fi sauƙin kuɗi ranar canji. Abin da ya fi yawan giyar muhimmanci shi ne ko za ta haye da kai tudu. Nemi farantin gaba mai haƙora 50 da 34, na baya kuma babbansa ya kai 32 ko 34.

Birki kuwa, tunda kasuwa ta koma kan na faifai, farashin masu birkin da ke kama bakin ƙafar keke ya sauko. Ribarka ce, in ba cikin ruwan sama kake yawan tafiya ba.

Da kuɗi kaɗan, na hannu zan zaɓa, amma sai an bincika. Je da abin awo. A sabuwar sarƙa, cikakkun gaɓoɓi 12 inci 12 ne cif. In ta zarce sosai ta miƙe, kuma mai yiwuwa ta ci haƙoran baya, ka ga kashe kuɗi biyu ke nan. Ɗaga keken ka juya kowace ƙafa ka ga ko tana rawa. Riƙe birkin gaba ka tura gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ya saki ko ya tafi. Leƙa duk mahaɗar walda ko akwai tsaga. Ka kuma sa a kwance sandar sirdi a gabanka, domin wadda ta manne da jiki tana iya sa makanike kuka. Lambar shaidar da kamfani ya buga wa keken galibi tana ƙarƙashi, inda feda ke juyawa. In an kankare ta, ko mai shi yana kame-kame kan inda ya samo shi, ka yi gaba abinka.

Kar ka juye kuɗin duka a kan keken. Akwai hular kwano, famfo, tiyub na ko-ta-kwana, kayan faci da fitila. In an sami ragowa, sa shi a taya. Masu faɗin milimita 28 sun fi 23 laushi a hanya mai gargada, kuma cikin duk abin da na taɓa canzawa, ba wanda jikina ya ji nan take kamar su. Ka dai tabbatar keken yana da filin ɗaukarsu, don wasu tsofaffin ba sa wuce 25.

In ka yi awon, turo shi tare da hotunan kekunan da kake dubawa, musamman ta ɓangaren sarƙa, mu duba maka.