Me ya sa jirage masu saukar ungulu na Birtaniya suka rage aiki a Turai?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ƙanina makaniki ne a wani kamfanin jirage masu saukar ungulu a Birtaniya. Ya ce mini tun da ƙasar ta fice daga Tarayyar Turai ayyukansu na ƙetare suka ja baya, alhali jiragen fasinja suna ta kai-komo tsakanin Landan da Faris. Ina bambancin yake?

Amsa: Barka kadai. Ƙaninka gaskiya ya faɗa maka, kuma bambancin yana cikin irin aikin. Jirgin fasinja jigila yake yi. Nasu kuwa shi kansa kayan aiki ne: da shi ake ɗaukar fim daga sama, a duba layukan wutar lantarki da bututun gas, a yi safiyo, a rataya kaya a ƙarƙashinsa a kai kan dutsen da mota ba ta hawa.

Har zuwa 31 ga Disamba 2020, Birtaniya tana cikin tsarin EASA, hukumar da ke kula da amincin sufurin sama a Turai, mai hedikwata a birnin Kolon na Jamus. A lokacin, takardun da kamfani ya samu a gida ana karɓarsu a Faransa ko Sifen. Daga 1 ga Janairu 2021 sai Birtaniya ta zama baƙuwa. Yarjejeniyar kasuwancin da aka cimma ranar 24 ga Disamba 2020, saura mako guda wa'adi ya cika, ta ba da damar ɗaukar fasinja da kaya tsakanin ɓangarorin biyu, amma ba ta ba da irin wannan dama ga masu aiki a sama ba. Sai aka koma kan tsohuwar ƙa'idar Yarjejeniyar Chicago ta 1944: kowace ƙasa ita ke da iko da sararin samaniyarta. Ƙasashen Tarayyar 27, kowace da fom ɗinta da sharuɗɗanta.

A ganina nan ne gizo ke saƙar. Wannan sana'a da yanayi take tafiya. Mai shirya fim yana son a ɗauki hoto jibi saboda an ce gari zai washe. Idan izini bai fito ba kafin nan, ba zai zauna jira ba, kamfanin da ke ƙasar zai kira.

To, yaya suka yi? Masu ƙarfi sun buɗe reshe a cikin Tarayyar, suka sauya rajistar wasu jirage. Wanda a da lambarsa ke farawa da G ta Birtaniya, sai ka gan shi da EI ta Ayiland. Ƙanana kuma sukan haɗa gwiwa da kamfanin can, su kai kyamara da ma'aikata a ɗora a kan jirgin mai masaukin. Ko hakan ma sai da takardar kwastan ta shigar da kaya na wucin gadi, ga kuma ƙa'idar da ta hana baƙo wuce kwana 90 cikin kowane kwana 180 a yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da suka cire shingen kan iyaka a tsakaninsu. Kada ka ɗauka gefe guda abin ya shafa: jirgin Turai ma sai da izinin CAA, hukumar kula da sufurin sama ta Birtaniya, zai yi irin wannan aiki a Birtaniya.

Abin da ya fi shafar ƙaninka shi ne lasisi. Wanda Birtaniya ta bayar, na matuƙi ne ko na injiniya, bai isa a tuƙa jirgi mai rajistar Tarayyar ba, ko a sa hannu cewa gyaransa ya kammala. Shi ya sa matuƙa da yawa suka mayar da lasisinsu wasu ƙasashen Turai kafin 2020 ta ƙare. Birtaniya ta ci gaba da karɓar lasisin EASA har ƙarshen 2022, sannan ita ma ta rufe ƙofa. Ka ce masa ya bincika ko kamfaninsu na da reshe a Turai. In akwai, ya nemi su ɗauki nauyinsa ya samu lasisi na biyu.