Amsar ɗan Jos ga Yayansa na Kano

Yaya, ka ce in gaya maka abin da ya zaunar da mu a garin da mutum ke kwana da safa, ka kuma ƙara da cewa wai ko har yanzu ana lissafa mu cikin Hausawa. Ta biyun tsokana ce, amma zan taɓa ta.

Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, duwatsun Shere kuma sun haura 1,800, alhali Kano ba ta kai 500 ba. Duk mita dubu da aka hau, zafi kan ragu da kusan digiri shida. Shi ya sa a Afrilu kuna kwana tsakar gida da mafici, mu kuwa goshin asuba sai mun ja bargo.

Kuza ce ta kawo kakanninmu a farkon shekarun 1900, jirgin ƙasa daga Zariya ya iso a 1914, amma sanyi ne ya tace masu zama. A diban gwamna na 1942 zuwa 1944, da aka kwaso mutane tilas don haƙar kuza, da yawa sun zo da 'yar taguwa ɗaya, ciwon ƙirji ya kashe su. Kakanmu ya riga su zuwa, yana ɗinki a unguwar Gangare. Inna takan ce har ya rasu bai yarda ya yi alwalar asuba da ruwan randa ba, kullum butarsa na gefen kaskon garwashi tun dare.

Sanyin nan da kuke wa dariya shi ne abincinmu. Tudun ba ƙudan tsando, don haka Fulani suka hauro da shanu, Turawa ma suka kafa cibiyar likitan dabbobi a Vom a 1924. Dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, da kabeji da karas da ake lodi a kasuwar Farin Gada, ai har kasuwanninku suke zuwa, ba ku taɓa tambayar asalinsu ba.

Batun ko muna auratayya da ƙabilun nan kuwa, e, ana yi. Birom da Anaguta da Jarawa mun tarar da su a nan, sun san ƙasar fiye da mu, sun san abin da ke yi a kan dutse. Matar Baffa Bajara ce, a wurinta muka koyi gwaten acca, wanda ranar da ake ruwa da ƙanƙara ba tuwon da ke kama ƙafarsa. 'Ya'yanta sun sauke Alƙur'ani, suna durƙusa wa manya, suna kuma zuwa gaishe da kawunnansu ranar Kirsimeti. Me ya ragu a Hausancinsu? Abin da ke min ciwo, a nan a ce mana baƙi, mu zo Kano ku ce harshenmu ya karye.

Ba zan ɓoye maka ba, tun rikicin 2001 ba iska ko ruwa mutum ke dubawa in zai sayi fili ba, sai ya fara tambayar su wa ke unguwar. Mun cunkushe a Unguwar Rogo da Rikkos da Titin Bauchi, ɗaki a kan ɗaki, ga tuddai masu daɗin zama can gefe muna hange. In za ka zo bikin Disamba kada ka sayi rigar sanyi a Kano, gwanjon kasuwar Katako ta nan Jos ya fi kauri, ya kuma fi araha.