Daga Jidda zuwa Sudan a mota: a ina hanya ta yanke?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a Jidda, iyayena suna Mai Wurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. An ce mini Masar ƙafarta ɗaya a Afirka, ɗaya a Asiya. To zan iya tuƙa mota daga nan har gida ba tare da shiga jirgin ruwa ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam direba. Wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba, sai dai maganar ba za ta kai ka gida ba. Yankin Sina'i, kimanin murabba'in kilomita 60,000, wato kashi 6 cikin ɗari na ƙasar Masar, a Asiya yake. Mashigin Suwais da aka buɗe a 1869, mai tsawon kilomita 193, shi ake ɗauka a matsayin iyaka. Tsallake shi ba wuya: ramin Ahmad Hamdi ya ratsa ta ƙarƙashinsa kusa da garin Suwais, gadar Salam kuma ta haye ta sama a Ƙantara tun 2001, mita 70 daga ruwa don manyan jirage su wuce.

Inda gizo ke saƙa shi ne Masar da Saudiyya ba su haɗa iyaka ta tudu ba. Idan ka miƙa arewa, za ka wuce Haƙal ka shiga Jodan, ka isa Aƙaba. Daga can kana hango duwatsun Sina'i, amma tsakanin Aƙaba da Taba ta Masar akwai ɗan zirin gaɓa na Isra'ila, garin Ilat, kuma Saudiyya ba ta da huldar jakadanci da ita. Shi ya sa motoci ke shiga jirgi daga Aƙaba zuwa Nuwaiba da ke Sina'i. Gadar da Sarki Salman ya sanar a 2016, wadda za ta haɗa Saudiyya da Masar, har yau ba a gina ta ba.

Tunda ruwa dole ne, kada ka wahalar da taya. Ko ka ɗora motar a jirgi daga tashar Duba ta Saudiyya zuwa Safaja ta Masar, ka gangara Aswan, ka shiga Sudan ta Ƙustul ko Arƙin, ko kuma, wanda ya fi hankali, daga Jidda kai tsaye zuwa Sawakin ta Sudan, tashar da kakanninmu mahajjatan ƙafa suka riƙa tsallakowa. Abin da ya fi tsayar da mutane a kwastan shi ne rashin tiribtik, takardar shigar da mota na wucin gadi, ko kuma sunan da ke istimara, wato takardar rajistar mota, ya saɓa da na fasfo babu takardar wakilci. Da yaƙin da ya ɓarke a Sudan a 2023, ka tambayi halin hanya daga Sawakin zuwa Sinnar kafin ka yanki tikiti.

Tambaya: Ɗaliba ce ni a Madina. Ban da Masar, akwai inda Afirka da Asiya suka kusa haɗuwa?

Amsa: Akwai, 'yar'uwa: Babul Mandab, tsakanin Yaman da Jibuti, faɗinsa kimanin kilomita 30 ne, tsibirin Mayyun ya raba shi biyu. Yaman ma ana sa ta cikin masu ƙafa biyu saboda tsibirin Suƙuɗra, wanda ya fi kusa da Somaliya fiye da gaɓar Yaman ɗin kanta.